Bamagujen Da Ya Yi Ta Istigfari A Rediyo

Ba zan taɓa mantawa ba da yammacin da na shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidana, na aro lasifika, na sa aka dama kunun tsamiya, na tara mutanen unguwa da baƙi, duk don su zo su saurari yadda zan kunyata kaina a rediyo. Wasu mutane kunya takan riske su ne a hanya, ba shiri. Ni tawa gayyato ta na yi, har da rabon goro.

Bari in fara gaya maka ko ni wane ne, don ka san nauyin abin. Ladan ne ni a wani masallacin unguwa a Ƙanƙara. Allo na yi, na ɗora da littattafai a zaure, rubutuna kuma har gobe ajami ne. Bokona bai wuce in karanta sunan gari a jikin mota ba. Muryata kuwa babu wanda bai san ta ba a unguwarmu, har awaki. (Ba yabon kai ba ne. Allah ne Ya ba ni maƙogwaro, ni kuma ban yi rowarsa ba.)

Wanda ya jawo ni cikin sha'anin shi ne Malam Lawal, wani malamin sakandare da ke tara matasa suna wasan kwaikwayo. Wata rana bayan sallar azahar ya tsaya har kowa ya watse, sannan ya matso kusa da ni ya ce:

"Malam, akwai labarin da na ji, ya hana ni sukuni. A can Ostareliya akwai mutanen da Turawa suka tarar, 'yan asalin ƙasar. An yi wani wasa a dandali kan yadda ake zaune da su, gari ɗaya amma kamar ba gari ɗaya ba. Wasan ya karɓu har aka mai da shi na rediyo, aka mai da shi na talabijin. Sai na ce a raina, mu da ke da Maguzawa a bayan gari, mi za mu je nema Ostareliya?"

Na gane inda ya dosa. Tun da daji ya lalace da 'yan bindiga, Maguzawa da yawa na wajen Pauwa suka baro gonakinsu suka dawo gefen gari. Mutanen da a da sai ranar kasuwa ake ganinsu, yanzu ga su a layin famfo, ga su a wurin niƙa. A wasu gidajen (ban ce duka ba, kada a yi mani ƙarya) har moda ta daban ake ajiye masu a bayan randa, in sun sha ruwa a wanke ta da toka. A kan wannan Malam Lawal ya rubuta wasansa, ya sa mashi suna Moda Biyu. Labarin wani tsohon Bamaguje ne da ƙishirwa ta kai shi gidan wani mutum, wanda ubanninsu tare suka haƙa rijiyar gidan. Aka ba shi ruwa a modar bayan randa, aka wanke ta a gaban idonsa.

"Kai nake so ka fito a tsohon," in ji Malam Lawal.

Na ce, "Ni? Ladan?"

"Duk wanda na gwada, da ya ji an ce Bamaguje sai ya fara tangaɗi kamar ya kwana gidan giya. Kai cikinsu ka tashi. Ka san yadda suke magana."

Gaskiya ya faɗa. Gonar mahaifina iyaka ɗaya take da ta gidan su Baba Nomau, Sarkin Noman Maguzawan yankinmu. Ya girme ni nesa, shi ma ya koya mani riƙon garma. Kuma kakata ta wajen uwa Bamagujiya ce, da girmanta ta musulunta. Ban taɓa ɓoye wannan ba, yanzu ma ga shi na rubuta. Wanda abin ya dama sai ya je ya binciko tasa kakar, in ya dawo mu yi magana.

Kafin in amsa, wuri biyu na je. Na fara da Liman, domin a cikin wasan tsohon yana rantsuwa da aradu, yana kiran Uwar Gona, iskar nan da suke yi wa yanka kafin shuka. Liman ya saurare ni da kyau ya ce wanda ya ɗauko maganar wani don ya nuna wa mutane darasi, maganar ba tasa ba ce, matuƙar zuciyarsa na nan inda take. Na yi godiya na tashi.

Daga nan sai wurin Baba Nomau, a sabon mazauninsu na bayan gari. Na same shi zaune kan turmi yana kallon 'ya'yansa suna ɗaura jinkar rumbu. Na kwashe bayani duka na gaya mashi, na ce ina so ya koya mani maganar dattijan Maguzawa yadda take, ba yadda 'yan gari ke kwaikwayonta ba. Ya daɗe yana tauna goronsa kafin ya ce:

"Ladan, zan ba ka maganarmu. Amma na sha ganin wasanninku. Kullum Bamaguje shina riƙe da ƙwaryar giya, shina faɗuwa, yara na dariya. In irin wanga ne, tashi ka tafi tun muna mutunci."

Ni kuwa da ƙarfin hali na daki ƙirji na ce, "Sarkin Noma, in aka yi maku dariya ta bakina, kada ka ƙara amsa gaisuwata."

"Kai ka faɗa."

"Ni na faɗa."

(Ka riƙe wannan alkawarin a ranka. Ni da na yi shi, sai da ya fi ƙarfina na san girmansa.)

Na yi ta zuwa ina ɗaukar karatu kamar sabon ɗalibi, ina rubutawa da ajamina. Shi kuma malami ne mai tsanani. In na ɗaga murya sai ya ɗaga sanda. "Ba haka ba. Bamaguje bai rantsuwa da ihu. In ya ce aradu, ƙasa-ƙasa shike faɗi, don ya san abin da ya kira."

Sai dai akwai wani ƙulli da ban gaya wa kowa ba. Liman ya ba ni fatawa, kaina ya karɓa, amma harshena ya ƙi. Harshen da ya yi shekara da shekaru yana kiran salla, ka ce ya rantse da aradu sannan ya kwanta lafiya? Sai muka yi sulhu da shi. Duk lokacin da na yi rantsuwar tsohon, sai in sunkuyar da kai kamar baƙin ciki ya danne ni, in ce astagfirullah a cikin gemu. Tsakanina da Ubangijina ne, babu mai ji. Abin dariyar, wannan sunkuyawar ita aka fi yabo. Malam Lawal da bakinsa ya ce, "Malam, wannan duƙar da kan da kake yi bayan rantsuwa, shi ne wasan gaba ɗaya. A ina ka samo shi?" Na ce baiwa ce.

Muka fara nuna wasan a filin wata firamare a Ƙanƙara. Babu na'ura, babu lasifika, daga maƙogwaro sai ganga. Baba Nomau na zaune a gaba da mutanensa. Har aka gama ban ji wanda ya yi wa tsohon dariya ba. Da aka zo wurin wanke moda, filin ya yi tsit, sai kukan jariri can baya. Baba Nomau ya tashi ya tafi abinsa, amma washegari ƙwan zabi ya iso gidana cikin ƙwarya. Wanda ya san shi ya san wannan ya fi yabo.

Muka je Faskari, muka je Sabuwa, kullum da hantsi, mu juyo tun rana na sama saboda halin hanya. A Faskari wani magidanci ya tare ni ya ce yana komawa gida zai jefa modar bayan randarsa cikin sauran kwanuka, kowa ya sha da wadda hannunsa ya kai. A Sabuwa wata tsohuwa daga wajen Damari ta tsaya gabana tana hawaye, ta ce ita an taɓa ba ta irin modar nan a gidan da ta yi wa unguwarzoma. To, ni ma ɗan Adam ne. Kaina ya kumbura. Na fara tafiya masallaci kamar ana ɗaukata hoto. Mai ɗakina ta dube ni wata safiya ta ce, "Malam, tun da ka zama Bamaguje hularka ta daina shiga."

Ana cikin haka sai Malam Lawal ya zo da albishir: wani gidan rediyo a Katsina zai ɗauki wasan ya watsa. Na ce alhamdu lillahi, abin Ostareliya ya iso Ƙanƙara.

Ɗakin ɗaukar magana wani ɗaki ne mai sanyi, an lulluɓe bangonsa da katifu kamar ana tsoron ya ji ciwo. Mai kula da shirin wata mata ce, Malama Binta, tana zaune a bayan gilashi da abin saurare a kunnuwanta. Aka ba kowa makirufonsa. Nawa aka saukar da shi daidai haɓata. Malam Lawal, wanda ke fitowa a maigidan mai wanke moda, yana can ɗaya kusurwar, idonsa na kan takarda. Ina buɗe baki Malama Binta ta ɗaga hannu ta ce:

"Baba, ba kiran salla ba ne. Matso kusa, ka yi a hankali. Abin nan ko numfashinka yana ji."

Ka ji fa. Da bakinta ta gaya mani, da Hausa, ba da wani yare ba. Na ce to, na ɗauka irin zuzutawar 'yan boko ce.

Muka fara. Na yi rantsuwa, na sunkuya kamar kullum, bakina ya sauka daidai kan makirufo, na yi abin da na saba. Da na ɗago sai na hangi Malama Binta ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa. Can gaba ma har da share ido. Na ce a raina, Allah Sarki, wasan ya taɓa ta. Sai na ƙara ƙaimi. Na ƙara nauyin murya, na ƙara zurfin sunkuyawa. Da muka gama direban da ya kawo mu ya matsa mana mu tafi kada yamma ta yi mana a hanya, babu wanda ya tsaya ya saurari abin da aka ɗauka. Ina fita har na tsaya na ce mata, "Ki yi haƙuri, 'yata, haka duniya take." Sai ta sake rufe baki.

Ranar da za a sa wasan, bayan la'asar ne. Na aro babbar lasifika a wurin mai cajin waya, na sa aka haɗa ta da batir don kada wuta ta ba ni kunya. Liman ya zo. Malam Lawal ya zo da matasansa. Alhaji Mamman ma ya zo, wani mai sayen hatsi abokin gardamata, wanda tun farko yake cewa ladan ba shi da haɗi da wasan kwaikwayo. Sai ga Baba Nomau a bayan babur, da 'ya'yansa da jikokinsa, masu bin al'ada da waɗanda suka koma coci, kowa cikin tufafinsa na fita. Na ba shi kujerata. Na tsaya da kaina na ga an gauraya kofuna, kowa ya sha kunu da wanda ya faɗo hannunsa. Mata na daga cikin zaure suna leƙe.

Aka buga ganga, aka fara. Muryata ta fito, ni kaina sai da na ji ta burge ni. Tsohon ya iso ƙofar gida, ya yi gaisuwa, maigida ya tuhume shi da zancen iyakar gona, sai ya ce:

"Uwar Gona ce shaidata, ban taɓa cin iyakar kowa ba."

Ɗan shiru. Sannan, tar, kamar an raɗa wa kowa a kunnensa:

"Astagfirullah."

Na yi tari. Na waiga ko wani ne cikin jama'a ya faɗa. Na dubi Liman, na ga Liman lasifika yake kallo. Wani matashi ya yi ƙaramar dariya ya haɗiye. Na ce a raina, sau ɗaya ne, ƙila iska ce ta kai shi.

Ba iska ba ce. Rantsuwa ta biyu ta zo, istigfari ya biyo ta a baya kamar ɗan rakiya. Yanzu dariya ta fito fili. Kafin wani lokaci matasa sun gane tsarin: da tsohon ya ce aradu, sai su riga rediyo, su haɗa baki su ce "Astagfirullah!" rediyo kuma ta amsa masu. Daga zaure na ji muryar mai ɗakina tana cewa, "Innalillahi, Malam!" Na roƙi Allah Ya sa a ɗauke wuta, sai na tuna da hannuna na sa aka haɗa batir.

Duk da haka ina da sauran fata. Akwai babban jawabin tsohon, wanda ya sa mutane kuka a Sabuwa. Na ce in aka zo nan, kowa zai natsu. Aka zo. Kuma wallahi sun natsu, domin maganar Baba Nomau ce, shi ya ba ni ita kalma-kalma:

"Rijiyar nan da kake ɗiba, ubana ne ya shiga cikinta da igiya a ƙugu, ubanka na sama shina jan ƙasa. Da suka kai ga ruwa, da tafin hannu suka sha, ba su nemi moda ba. Yau ni ne bakina ke ɓata ruwa? Aradu, ƙishirwa ta fi mani wanga ruwa daɗi."

Wurin ya yi tsit. Na ga babban ɗan Baba Nomau ya sunkuyar da kai. Sai lasifika ta ja numfashi, numfashina, ta ce:

"Astagfirullahal azim. Allah Ka san wasa ne."

Ban san na faɗi wannan ba. Har yau ban tuna lokacin da na faɗe shi ba. Amma muryata ce, ko awakin unguwa za su shaida.

Wurin ya fashe. Wani ya ƙware da kunu. Matasa suka kwanta kan tabarma suna dukan ƙasa. Alhaji Mamman ya miƙe tsaye, babbar rigarsa na rawa, yana cewa, "Allahu Akbar! Bamagujen ya musulunta tun ba a gama wasa ba! Liman, a raɗa mashi suna!" Liman kansa ya sa hannun riga ya rufe fuska, ban sani ba ko kunya ce ko dariya, ban kuma tambaya ba.

Mutum ɗaya ne bai motsa ba. Baba Nomau ya ajiye kofinsa a ƙasa a hankali, da sauran kunu a ciki. Ya dogara sanda ya tashi. Dariyar ta fara mutuwa daga gaba zuwa baya. Ya dube ni, ba da fushi ba, da na fi son fushin, ya ce:

"Ladan, ashe kai ma wankewa kake. Su moda, kai baki."

Ya juya, mutanensa suka bi shi. Aka bar ni da lasifika tana ci gaba da rantsuwa tana tuba.

Kafin gari ya waye abin ya shiga wayoyi. An yanko wurin, ana tura wa juna. Na samu sabon suna: Bamaguje Mai Istigfari. In na wuce majalisa sai wani ya ce "aradu" ƙasa-ƙasa, saura su amsa. Wannan duk na iya ɗauka, fatata ba ta yau ba ce. Abin da ya fi ci mani rai ranar kasuwa ya faru. Na hangi Baba Nomau a layin masu hatsi, na je na rusuna na ce, "Barka da kasuwa, Sarkin Noma." Ya dubi buhun masarar da ke gefena kamar shi ne ya yi magana, ya wuce. Mutumin da ya riƙe hannuna a kan garma. Kuma ba ni da bakin ƙorafi, ni na yanka wa kaina hukuncin.

Alhaji Mamman ya same ni da shawara. "Ladan, abu mai sauƙi ne. Ka tashi bayan salla ka ce ka tuba da wasan banza, sharrin Shaiɗan ne, a wuce wurin."

Na ce, "Alhaji, wasan ba na banza ba ne. Ni na ɓata shi. Kai da dariya ta kusa kayar da kai, moda nawa ke bayan randarka?"

Ya gyara hula ya ce da alama daminar bana za ta yi kyau.

Sai kuma ga waya daga Malama Binta, muryarta cike da murna. "Baba, wasan nan ya karɓu! Mutane sai bugowa suke a maimaita. Har masu talabijin na so a ɗauka, amma sun ce a ƙara yawan istigfarin, shi mutane ke so."

Na ce, "Ke 'yar nan, ashe ba kuka kike yi ba ran nan?"

"Kuka? Baba, dariya ce ta kusa kashe ni. Na ɗauka cikin rubutun yake!"

Na gaya mata kada a kuskura a maimaita. Na ce in na sake jin sa a iska, zan ɗauko buzuna da butata in zo in tare a ƙofar gidan rediyonsu, in yi ta kiran salla a kan lokaci har su gaji. Ta ji muryata ta san ba wasa nake ba. (Wannan karon, Allah Ya san ba wasa ba ne.)

Daga nan na kama hanyar bayan gari. Duk tsawon tafiyar ina gyara wata hujja da na ƙulla, ina jin daɗinta kamar sabon takalmi. Na sami Baba Nomau kan turminsa. Na gaishe shi, shiru. Na zauna a ƙasa. Can ya juya wajen babban ɗansa, wanda shi ma furfura ta fara fito mashi, ya ce:

"Tanko, tambayi baƙon nan mi ya kawo shi."

Na gyara murya na saki hujjata. "Sarkin Noma, ba ka fahimce ni ba ne. Mu ko salla muka idar, abin da muke fara faɗi istigfari ne. Ba don salla ƙazanta ce ba. Haka bakinmu ya saba."

Ya gyaɗa kai kamar ya gamsu. Har na fara murmushi.

"Tanko, tambaye shi. In ya idar da sallar, shina cewa Allah Ka san wasa ne?"

Nan hujjar ta mutu, ko shurawa ba ta yi ba. Tanko ya kau da kai yana kallon rumbu, don kada in ga bakinsa.

Tun da dabara ta ƙare, sai na koma ga gaskiya. Na ce, "Sarkin Noma, ba zan yi maka ƙarya ba. Bakina ba zai iya rantsuwa da aradu ya zauna lafiya ba. Haka na yi imani, a kan haka nake fatan mutuwa, ba kuwa zan ba ka haƙuri kan istigfari ba. Inda na yi wauta shi ne na ari maganar da ba zan iya ɗauka ba, na kai ta gaban jama'a na yar. Maganarku ce, kuma kuna da baki. Zo ka faɗe ta da kanka. Ni zan sa a sake ɗauka, ko da zan kwana a ƙofarsu."

Ya ci gaba da taunar goronsa kamar ya manta da ni. Wata kaza ta zo ta tsattsagi ƙasa kusa da ƙafata ta wuce.

"Tanko, ce mashi na ji. In ni na fito a Bamaguje, wa zai fito a mai wanke moda?"

Na ce, "Ai Malam Lawal ne ke yi."

"Ce mashi a'a. Akwai wanda ya fi shi iyawa."

Ka ga yadda tsoho ke yanka ba wuƙa.

Malam Lawal ya yi ta kai da kawowa har gidan rediyon suka yarda. Malama Binta ta zo Ƙanƙara da wata ƙaramar na'ura, aka zauna ƙarƙashin bishiyar da ke ƙofar gidan Baba Nomau. Shi bai nemi takarda ba. A gaya mashi inda aka kai kawai, sai ya yi magana. Da ya zo wurin rantsuwar, ya faɗe ta ƙasa-ƙasa yadda ya daɗe yana koya mani na kasa. Rana ce tsaka, babu ko gajimare, amma sai da na ɗaga kai na dubi sama.

Sannan aka zo kaina, ni maigida. Na buɗe baki na ce:

"Ke, ɗauko mashi waccan ta bayan randa. In ya gama a wanke ta da toka, a kife ta a rana."

Ta fito sumul. Babu tuntuɓe, babu sunkuyawa, harshena bai nemi sulhu ba. Har na ji daɗin yadda na iya.

Da aka gama, Malama Binta ta cire abin kunnenta ta ce, "Baba, na'urar ta ɗauko wata ƙaramar magana bayan taka. Ku ji, in cire?" Ta kunna. Muryata ta fito tana ba da umurnin wanke moda. Ɗan shiru. Sai muryar Baba Nomau, cikin gemu, ƙasa-ƙasa:

"Ka ji. Nan bai yi istigfari ba."

Kowa ya juyo yana kallona. Shi kuwa tsohon yana can yana ɓare goro kamar ba a garin yake ba. Kunyar ranar lasifika a fuska ta tsaya. Wannan har ciki ta shiga. Na ce, "Bar ta, 'yata. Kada ki taɓa ta."

Ranar da aka sa sabon, ban shimfiɗa tabarma ba, ban dama wa kowa kunu ba. Ni kaɗai na saurara a zaure da 'yar ƙaramar rediyota. Babu wanda ya yi wa Bamaguje dariya. Ni ne dai mata suka riƙa yi wa tsaki a layin famfo, wata ma ta ce ba ta taɓa sanin Ladan mugu ne haka ba. Sunana ya sake canzawa, na koma Mai Moda. Alhaji Mamman ya ce daga arne na koma azzalumi, wai ci gaba ke nan? Na ce mashi ƙwarai, ko ba komai yanzu mun zama 'yan gida ɗaya. Na talabijin kuwa har yanzu ana magana. Na ce in da sharaɗin a yi wa Maguzawa dariya ne, su nemi wani ladan.

Da kasuwa ta zagayo na sake samun Baba Nomau a layin hatsi. Na rusuna na ce, "Barka da kasuwa, Sarkin Noma." Ya bar ni a durƙushe har gwiwata ta fara ƙara. Ya dubi buhun masara, ya dube ni, kamar yana auna wanda ya fi cancanta. Sannan ya ce:

"Barka kadai, Mai Moda. Ina gajiya?"

Har yau ni ne ladan, har yau ina cin tuwo a gidan Baba Nomau, wanda bai so ba ya kau da kai. Istigfari kuwa ban daina ba, ba kuma zan daina ba. Wurin ajiye shi ne kawai na koya, a hannun mutumin da bai taɓa riƙe allo ba. Kai kuma mai karatu, in wata rana aka zaunar da kai gaban wani ƙarfe aka ce maka ko numfashinka yana ji, don Allah ka yarda.